Yadda Za Ka Mallaki Jirgin Ruwa Shekara Uku Ba Ka Taɓa Shiga Teku Ba

Idan kana son a riƙa nuna ka da baki ana cewa "ga gwanin teku can," alhali ko kwalekwalen fito ka hau sai hanjinka ya kaɗa, to gyara zama. Hanyar nan an gwada ta, kuma na ba ka tabbacin shekara uku cur ana girmama ka a bakin ruwa, ƙafarka a bushe. A wurin maƙwabcina na gan ta, Wan Sulong, wanda duk ƙauyenmu na bakin kogi a jihar Terengganu ke kira Cikgu, wato malam, saboda shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare.

Cikgu mutumin tudu ne, cikin gonakin roba aka haife shi, aiki da aure suka kawo shi cikinmu. Bai iya iyo ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar walimar ritayarsa masunta na ta zuba labarin teku, shayi ya yi daɗi, sai bakinsa ya suɓuce ya ce shi ma zai sa a sassaƙa masa jirgi mai ƙyallen kama iska, ya kai kansa tsibirin Redang. Aka tafa masa. Kafin shekara ta zagayo Tok Jusoh, tsohon masassaƙin jiragenmu, ya gama aiki. Tun daga ranar abu ɗaya ne a ran Cikgu: kada a gane malamin da ya cika baki tsoron ruwa yake yi. Ga yadda ya ɓoye, kai ma ka kwaikwaya.

Mataki na 1: Ka fi kowa wa'azin kiyaye rai

Daga nesa ba a bambanta matsoraci da mai taka-tsantsan, saboda haka ka tsaya nesa. Ka sayi rigunan ruwa masu hana nutsewa goma sha biyu, da usur, da fitila, da akwatin magani. Kullum da safe ka je matsayar jirage ka baje su a rana, ka ƙirga, ka mayar. Ka ja igiya, ka girgiza kai kamar likitan da bai gamsu ba.

Za a tsokane ka, kada ka ji komai. Derani masunci yakan leƙo ya ce, "Cikgu, yau ma ba a fita? Jirgin nan fa ya kusa yin saiwa."

"In fita da wannan igiyar? Derani, teku ba aji ba ce, ba ta sake wa ɗalibi jarrabawa. Kai ina rigarka? Ka gaya wa matarka inda ka nufa da lokacin dawowarka?"

Daɗin wannan mataki shi ne duk abin da kake faɗa gaskiya ne. Wata rana injin Derani ya mutu a tsakiyar ruwa, kuma don ya gaya wa matarsa inda ya nufa aka gano shi kafin magariba. Tun daga nan in Cikgu na magana, Derani ne ke cewa a yi shiru.

Mataki na 2: Ka ƙulla abota da iska

Wata huɗu na damina kyauta ne. Ko masunta ɗaure jiragensu suke yi, sai ka tsaya cikinsu kana tsaki kana cewa ba don wannan hadarin ba da yanzu kana Redang.

Sauran wata takwas ɗin ne aiki. Ka lashi yatsa ka ɗaga sama. In akwai iska, ta yi yawa. In babu, da me za a tafi? In ta zo daidai, ka dubi gabas ka runtse ido ka ce, "Ba ta kwanta mini a rai ba." Juma'a ba a fita. Azumi ba a fita. Bayan salla ana ziyara.

Mataki na 3: Ka ciyar da jama'a har ruwa ya janye

Ranar da sama ta yi garau, uzuri ya ƙare, to ga babban makami. Sabon jirgi ba ya fita sai an yi walimar addu'a, wannan kowa ya sani. Kuma kowa ya san tudun yashin da ke kwance a bakin kogin, wanda jirgi mai zurfin ciki ba ya tsallakewa sai ruwa ya cika, abin da bai wuce awa biyu ba.

To sai ka sa walimar daidai farkon cikowar ruwa. Ka gayyato limamin da ba ya gaggawa. Ka sa a dafa nasi dagang, shinkafar nan mai madarar kwakwa, tukunya biyu da romon kifi, amma kada a fito da ta biyu sai an sha hira. Kafin a wanke hannu yashi ya leƙo. Sai ka dafe kai ka ce, "Kash! Allah bai nufa ba." Mutumin da ya ƙoshi ba ya bincike.

Sau bakwai Cikgu ya yi wannan, kuma sau bakwai ina wurin. A kan jirgin ma nake zama da farantina, don inuwarsa ta fi sanyi.

Mataki na 4: Kada ka yi gardama da matarka

Mek Esah, matar Cikgu, 'yar masunci ce, tun kafin ta iya ɗaura ɗankwali take riƙe wa babanta sandar tuƙi. Irin wannan mace ba a yi mata bayanin iska. In ta yi magana, ka nemi tabaranka.

"Abang," in ji ta, yadda mace ke kiran mijinta a wajenmu, "kujerar falonmu ta fi jirgin nan yawo, ita ko shara ana matsar da ita."

"Ana shiri ne, Esah."

"Ni kuma ana dahuwa. Ka san kwakwa nawa na goge saboda Redang ɗin nan?"

Cikgu yakan tashi neman tabaransa. Bai san iyakar abin da ta sani ba, kuma yana tsoron tambaya.

Mataki na 5: Ka guji wanda ya sassaƙa jirgin

Wannan matakin ne Cikgu ya yi wa riƙon sakainar kashi, sai ka buɗe kunne.

Ranar walima ta takwas, an shimfiɗa tabarmi, liman na gyara murya, sai ga Tok Jusoh yana dogara sanda. Ya haura tamanin, hannunsa ya soma rawa, kuma bugun guduma na shekara sittin ya cinye masa kunne. Bai dubi tukunya ba. Ya cire takalmansa a kan gadar katako, ya taka cikin jirgin, ya zauna.

Cikgu ya taho da faranti yana murmushin dole. "Tok, ga abinci."

"Na ci a gida."

"To a sauko a yi addu'a."

"Allah na ji daga nan." Tsohon ya shafa katakon gefensa. "Sulong, jirgi arba'in da ɗaya na yi, ban taɓa zana ko ɗaya a takarda ba. Ba na sanin aikina ya yi sai na tsaya a ciki ba takalmi, igiyar ruwa ta farko ta buge shi, tafin ƙafata ya gaya mini. Arba'in na ji. Wannan ne na ƙarshe, hannun nan ba zai sake yin wani ba, kuma shekara uku ina jira. Ba ni da wata ukun."

Liman ya dubi tsohon, ya yi addu'ar da ba ta kai minti biyu ba, abin da ba mu taɓa sanin ya iya ba. Ruwa na cike fal. Iska kuwa ko ni ban ga abin kushe mata ba.

Gumi ya karyo wa Cikgu. Ya lalubi uzuri a kansa, ya tarar duk ya kashe su. Ya sunkuya daidai kunnen tsohon ya raɗa masa magana.

"Me ka ce?"

Ya maimaita da ɗan ƙarfi.

"Ka buɗe baki mana, ba malami ba ne kai?"

Cikgu ya waiwaya. Ga liman, ga Derani, ga mutum sama da hamsin, rabinsu shi ya koya musu karatu. Ya rufe ido, ya saki muryar da yake tsawatar da 'yan aji shida da ita.

"Na ce ban iya iyo ba, Tok! Tsoron ruwa nake yi!"

Wallahi tausayin Cikgu ya kama ni. Ya tsaya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa, yana jiran dariya.

Tok Jusoh ya taɓe baki. "Shi ke nan? Ni ma ban iya ba. Me kake zato ya sa ba na ha'inci a katako? Esah, zo ki kama sandar nan."

Mek Esah ta ajiye ludayi. Ko mamaki ba ta yi ba.

Mataki na 6: In asiri ya tonu, ka nemi gefen da iska ke tafiya

Ban samu damar sauka ba, da ni aka kwance igiya. Cikgu sai da ya ɗaure wa kowannenmu riga ya ja maɗauri da kansa. Derani ya ɗaga ƙyalle, iska ta cika shi, jirgin ya zame kamar dama can jira yake.

Ga shawarar: ka kafa idonka can inda sama ta haɗu da ruwa, kuma in amai ya taso ka juya wa iska baya. Cikgu ya san wannan sarai, ya sha koya wa mutane. Ya fuskanci iskar. Ni ne a bayansa.

Muna tsallake yashin, igiyar ruwa ta farko ta ɗaga mu ta sauke. Tok Jusoh na tsaye a tsakiyar jirgi, hannu ɗaya riƙe da igiya, yatsun ƙafarsa a buɗe kan katako. Ta biyu ta zo, ta uku ta biyo. Murmushi kawai yake yi, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

Mek Esah ta dubi mijinta, ya rungume gefen jirgi, fuskarsa ta yi fari fat. Muryarta ta yi laushi.

"Abang, ya isa. In juya?"

Cikgu ya ɗago da ƙyar. Ya dubi gaɓa, ga ta can ta soma ƙanƙancewa. Ya dubi tsohon, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Ƙara gaba kaɗan."

A kula

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In matarka ta daina dahuwa, in liman ya koyi taƙaitawa, in ka tsinci kanka a tsakiyar teku kana kiran sunan mahaifiyarka, kada ka neme ni, ban san ka ba. Shekara uku na yi maka alkawari, kuma na cika. Ban ce hanyar tana aiki a gaban dattijon da ya cire takalmansa ba.