Babur ɗin Marigayi Ya Gaji da Wanka

"Lafiya lau, sai gajiya. Ke kuma tsohuwa, har yanzu kina nan?" in ji Dogo.

"In tafi in bar wa wa gidan? Kai? Mijin da ko sabulun wanke hannunsa ya gagare shi?"

Dogo ya sauke jakar sifanunsa a bakin rumfa. Tun safe yake tsugune a gareji, bayansa ya riƙe, ga shi kuma ya tarar da kakarsa da bokiti da soso, abin da ya fi tsoro ke nan. Babur ɗin marigayi kakansa na tsaye sharkaf, kumfa na ɗiga daga salansa. Tun da tsohon ya rasu ba a sake tayar da shi ba, amma kullum sai ta yi masa wanka, ta lulluɓe shi da leda tun bai bushe ba. Tsatsa kuwa ta samu wurin zama ta miƙe ƙafa. Kawun Dogo ya riga ya yanke magana: ranar da tanki ya huje, 'yan gwangwan za a kira su ɗora shi a sikeli. Dogo ba ya son ganin wannan rana, don a kan tankin nan aka fara ɗora shi yana yaro.

"Kin sake jiƙa shi ke nan. Wallahi ke za ki kashe babur ɗin nan."

"Ni? Na wanke ubanka, na wanke ka, wa ya yi tsatsa a cikinku?"

"Ni mana. Ji yadda ƙuguna ke ƙara."

"Wannan lalaci ne, da shi aka haife ka."

Bai da ƙarfin dogon musu. Ya zaro wani gwangwani mai siririn tsinke a baki, ya girgiza shi. Tsohuwa ta tafa hannu.

"Kai, yau miji ya tuna da ni! Turare ne?"

"Maganin tsatsa ne. In ya rage sai in fesa miki a gwiwa, ko kya daina farkar da maƙwabta in za ki tashi."

"Ka fara da bakinka, shi ya fi ƙara."

Ya ja babur ɗin inda iska ke kaɗawa, ya tsane shi da tsumma, ya bi wuraren da suka yi ja da samfefa. Tana tsaye a kansa kamar mai gadin kaya. Ya fesa a sarƙa, ya fesa a kan notuna, ya kwanta ya bi ƙasan tanki inda danshi ke ɓuya.

"Ka tsallake taya, makaho."

"Taya da birki ba a fesa musu, santsi suke yi. So kike ki zama gwauruwa karo na biyu?"

"Wa zai yi maka takaba? Ranar ma kwalliya zan yi."

Ya kama hannunta ya ɗora yatsanta a ƙasan tankin. Ƙarfen ya yi laushi, ɓawo ya maƙale mata a farce. Ta tsaya tana kallon yatsan.

"Ruwan ne?"

"Ruwan ne, Kaka. Da ledar."

"To in ban wanke shi ba, me zan riƙa yi masa da yamma?"

Tausayinta ya kama shi. Shi duk zatonsa taurin kai ne kawai. Ya miƙa mata gwangwanin da busasshen tsumma.

"Ki riƙa goge shi da wannan. In an yi ruwa ki fesa kaɗan inda na nuna miki. Amma gaskiya feshi kaɗai ba zai cece shi ba. Sai ana hawansa, inji ya yi zafi ya kori danshin."

"Oho! Ashe nan ka dosa, ɓarawo. Shi ya sa aka zo da turare."

"Ni da ƙafata nake zuwa aiki, na saba. Ki ba duk wanda kika yarda da shi."

Ta daɗe tana juya gwangwanin. Sannan ta kama bakin zaninta, ta shiga kwance wani ƙulli da ya yi baƙi don daɗewa, har sai da ta sa haƙori. Makulli ya faɗo a cinyarsa.

"Kullum ka dawo min da babur ɗin kafin rana ta faɗi, in goge shi da hannuna. In na ga ƙwarzane ko ɗaya, na sake ka."

Dogo ya yi dariyar da bai yi ba duk yinin.

"Ashe gobe da safe zan kayar da shi in huta."

Ta ɗaga gwangwanin ta fesa masa a ƙeya.