Sauran Kifin Kawu

Lokacin da kwamfuta take baƙuwa a ofisoshin Birnin Kebbi, ni ne gwanin danginmu. Da Kawu Bawa, masunci a Argungu, ya kama giwan ruwa mai tsawon mutum, na ɗauki hotonsa yana rungume da kifin a kwance. Abokin gardamarsa, Malam Tukur, da bai ga kifin ba, ya ce sai ya gani da idonsa.

Na sa hoton a kwamfuta, na haɗa ta da talabijin a zauren Kawu, unguwa ta taru. Hoto ya fito lafiya lau, amma na ce bai yi mini ba. Na shiga wurin saita faɗi da tsawon allo, na zuba lambobina, ina cewa, "Ku dai ku sa ido."

Sai hoton ya tsuke. Kawu ya zama dogo kamar giginya, kifin ya koma karfasa, na kasa mayar da su.

Malam Tukur ya ce, "Bawa, wanga na giwan ruwan naka?"

Tun ranar, duk saukata Argungu sai Kawu ya ce, "Injiniya, ka taho min da sauran kifina?"

Kawu ya rasu. Yanzu jikokinsa ke tambayata, amma ba su iya jan "Injiniya" kamar shi ba.