Rasuwar Berta, Majigin Makarantarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya, nake sanar da mutanen garin Hjo rasuwar majigin makarantarmu, wadda yara ke kira Berta. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara arba'in da shida. Ta yi tari sau biyu, tar-tar, sannan ta saki hayaƙi.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta taɓa gaggawa ba. A bakinta muka san fim ɗaya tilo da ya rage na ɗan garinmu, Eskil Brandqvist, wanda ya yi aiki tun zamanin da hoto bai iya magana ba. Kun san shi: wani dattijo yana bin hularsa da iska ta ɗauke a bakin tafki, a hankali, awa ɗaya da rabi. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yanku cewa hular nan ƙuruciya ce, kuma nawar tafiyar ita ce baiwar Brandqvist. Mun yi kuka tare. Na rubuta littafi mai shafi ɗari uku a kai.

Ranar Alhamis muka aro sabuwar na'ura, aka gayyato 'yar Brandqvist, Uwargida Sigrid. Da aka kunna fim ɗin, dattijon nan mai hula ya zabura da gudu, ya faɗa ruwa sau huɗu, fim ya ƙare a minti hamsin. Uwargida ta yi dariya har da hawaye, ta ce haka mahaifinta ya shirya shi, don mutum ne da bai iya zama shiru ko a coci ba. Makaniki ya duba gawar, ya ce ciwon ya daɗe: injinta ya gaji, yana jan fim a hankali, tun kafin a ɗauke ni aiki.

Ta bar fitila ɗaya, da farin ƙyallen bango, da ni.

Za a sa ta a ɗakin ajiya ranar Asabar da ƙarfe biyu, tare da littafina a ƙarƙashinta, don kada sanyin ƙasa ya taɓa ta. Akwai kofi da burodin kirfa. An keɓe kujerar gaba ga Ingegerd Holm mai kantin magani, wadda na kora daga aji shekara ashirin da suka wuce saboda ta yi dariya ana nuna fim ɗin. Ina roƙon ta zo da takardar sakamakonta, zan zo da alƙalamin gyara.

Malam Algot Lidell