Rasuwar Wayar Alhaji Ikrima Mai Riɗi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni Alhaji Ikrima mai riɗi, Gwaram, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayata ta tauraron ɗan'adam, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu da wata huɗu a hannuna.

Na sayo marigayiyar daga Kano tun sabis bai iso mana ba, domin ƙanena Abdulsalami ya riƙa sanar da ni farashin riɗi daga kasuwar Dawanau, in riga kowa shiga ƙauye. Mai shagon ya rantse mini ko gwamnati ba ta iya jin abin da ake faɗa a cikinta. A kan gwamnati bai yi ƙarya ba.

Marigayiyar mai son sarari ce. Ba ta magana a ɗaki, ba ta magana a zaure, sai ta ga sama ƙuru-ƙuru. Ga ta da nauyin ji, sai an ɗaga murya an maimaita. Saboda haka duk sirrina a tsakiyar fili na faɗe shi, ina tsaye, eriya a miƙe. Da ta yi “tit-tit-tit”, sai Dogara, abokin sana'ata, ya jawo bencinsa gindin darbejiya wai shan iska. Kafin in naɗe eriya, motarsa ta kama hanyar ƙauyen Farin Dutse. Sau goma sha ɗaya ina isa in tarar an share buhunan.

Ciwon ajalinta ya samo asali daga dabarata. Na sa aka ɗage jinkar rumbu na shiga ciki, ga sama a buɗe, ga katanga ta rufa asiri. Ashe rumbu ƙara murya yake yi. Ranar har matan da ke bakin rijiya sun ji riɗi zai tashi. Garin fitowa da fushi ta suɓuce ta faɗa kwatarniyar da Hajiya Zuwaira, maiɗakina, ta jiƙa gero. Kwana uku tana shanye a kan rufin kwano. Mai gyara a Birnin Kudu ya buɗe ta, ya shinshina, ya cire hularsa. Maganarta ta ƙarshe “shhh” ce, shawarar da ba ta taɓa ba ni ba tana da rai.

Ta rasu ta bar caja ɗaya, da jakar fata, da ni da maƙogwaron da ya dushe, da kuma sabon benen Dogara.

Za a binne ta gobe da safe a ƙasan akwatin Hajiya, inda a karon farko za ta riƙe sirri. Zaman makoki kuwa a ƙofar gidan Dogara za a yi, don ya fi ni shiga maraici. Jiya ya zo gaisuwa idonsa jawur, ya riƙe hannuna ya ce in kwantar da hankalina, shi zai saya mini sabuwa.