Goyon da Na Kai Asibiti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je neman sa hannun likita ba, ko da kuwa ni na manta, matan garinmu ba za su bari ba.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Dawakin Tofa, kuma Allah ya yi mini jiki. Ba irin jikin da ake cewa masha Allah a wuce ba, irin wanda ɗan acaɓa yake hango ki daga nesa ya tuna ashe mansa ya ƙare. Da farko abin dariya ne, har ya daina zama. Gwiwoyina suka ƙi, ga hawan jini, ga suga, har ta kai sallah ma sai a kan kujera. Rabon goshina da ƙasa har na manta, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Sai na ji labarin tiyatar rage tumbi da ake yi a birni. Da na ji kuma ana iya roƙon masu inshorar lafiyarmu ta ma'aikata su ɗauki nauyi, ai ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofishin malamai ba. Ranar har shara na yi ina waƙa. An dai gaya mini ba kasafai suke yarda ba, kuma ba sa sauraron kowa sai likitan asibitin da ka yi rajista, shi zai duba ka ya tura musu bayani.

A nan aminiyata Talatu ta shigo (Talatu ba ta taɓa rasa shawara ba, mai kyau ce dai ba ta cika samu ba). Ta rantse mini cewa akwai nauyin da idan ba ka kai shi ba, ko kallonka ba za su yi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce a ganinta da ɗan saura. Ni da na shekara ina kukan ƙiba, sai ga ni ina fargabar kada a ce na rame.

Ranar zuwa asibitin, da safe na zaga bayan ɗakin surukata, Inna, na ɗauko ɗan dutsen niƙanta. Na gwada shi a ƙugu ya zame, na gwada a gaba na kasa numfashi. To macen da ta raini 'ya'ya hanya ɗaya ta sani ta ɗaukar kaya ba da hannu ba. Na naɗe shi a tsumma, na saɓa shi a baya, na ɗaure da zani, na ƙara da majanyi, na zumbula babban hijabina. Na dubi madubi na yaba wa kaina. Duk hanya murmushi nake yi, ina gaisa da masu noma a gonakin bakin hanya kamar wadda za ta hau jirgin Makka.

Abin da ban lissafa ba shi ne ranar ta yi daidai da ranar rigakafin yara. Barandar asibiti cike da mata, kowacce da goyonta. Na shiga layi na tsaya, kuma wallahi jiki ba ya manta sabo: can na farga ashe jijjiga shi nake yi, har da ɗan bubbuga masa ɗuwawu.

Wata tsohuwa a bayana ta yi mini barka, ta ce ba ta ji haihuwar ba. Na ce, "Alhamdu lillahi, Iya." Ta tambaya mace ko namiji, na ce namiji (ban san dalili ba, nauyinsa dai ya fi kama da na namiji). Ta yaba haƙurinsa, ta ce tun da muka tsaya ko tari bai yi ba. Na ce ai haka yake, gidan ubansa ya ɗauko.

Aka kira sunana. Na ɗaga ƙafa zan hau sikeli, sai nas ta tare ni.

"Malama, sauke yaron tukuna. Ba a awo da goyo."

Na ce barci yake yi. Ta ce ko barci yake a sauke shi, ta kuma nemi katin rigakafinsa. Na ce na manta a gida. Nan ta hau ni da faɗa, wai mu malamai mu ne ya kamata mu zama abin koyi. Tsohuwar nan kuwa, Allah ya saka mata da abin da ta yi niyya, ta matso tana cewa zafi zai kashe yaro a cikin wannan hijabi, in kawo shi ta riƙe mini. Kafin in juya ta ɗage hijabin, ta ja bakin majanyi.

Ɗana ya sulale ya daki siminti, tim! Mata suka saka salati, wata ta dafe kai ta fashe da kuka. Tsumma ya warware, dutse ya gangara a hankali har bakin ƙofar likita, daidai lokacin da ya leƙo ya ga abin da ke faruwa. Tsohuwa ta sunkuya ta ƙare wa dutsen kallo, ta ɗago ta ce, "Lallai kuwa gidan ubansa ya ɗauko."

Dariyar da aka yi har masu sayar da rake a bakin ƙofa sai da suka shigo. Ni dai na tsaya da majanyi a hannu ina neman inda zan ɓoye, amma mai jiki irin nawa ba ta da maɓoya.

Likitan ya yi ƙoƙari, sau biyu yana komawa ciki yana fitowa kafin ya iya daidaita fuskarsa. Ya ce in hau sikeli haka nan. Na hau. Ya duba, ya ce, "Malama, kin wuce abin da ake nema da nisa. Dutsen ma wahalar banza kika ba shi."

A ofishinsa ya yi mini bayani a hankali. Masu inshora ba nauyi kaɗai suke kallo ba. Suna son su ga ya daɗe yana bibiyar jinina da sugana, an gwada gyaran abinci da tafiya a ƙafa, sannan ya tsaya mini. Ya ce da awon ƙarya ya shiga, aka sake auna ni a birni aka ga bambanci, da maganarsa ta zube, tawa tiyatar ta bi ta. Nan ne gabana ya faɗi da gaske.

Watanni na yi ina zarya, shi kuma yana bin su a waya har suka gaji suka amince. Aka yi aiki lafiya. Ranar da goshina ya fara taɓa tabarma a sallar asuba, kuka na yi sosai, sai kuma dariya ta ƙwace mini, dole na sake sallar.

Inna ta karɓi dutsenta, yanzu a ƙarƙashin gadonta yake kwana. Matan gari kuwa har gobe idan mun haɗu sai sun tambaye ni ko yaro ya fara zama. Abin da na koya ɗaya ne: kafin ki ɗauko ƙarya ki goya, fara hawa sikelin tukuna, wataƙila gaskiyarki ma ta yi nauyi har ta yi yawa.