Sauran Huɗun Suna Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a gaban rabin mutanen Bwari, sanye da farar riga sabuwar ɗinki, ina yi wa tsohon injiniyan jirgin ƙasa bayanin injin da ban taɓa ɗora ido a kansa ba. Shekaru sun ja sosai, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina malamin gona a Bwari, ba a jima da gama yaƙin basasa ba. Ko zancen kawo babban birni nan ba a fara ba. Abuja a wurinmu garin nan ne na kusa da dutsen Zuma, inda muke zuwa karɓar wasiƙa da takin zamani, Utako kuwa 'yan bukkoki ne da gonakin doya. Aikina yawo ƙauye-ƙauye a kan keke, ina koya wa manoman da suka fi ni sanin ƙasa yadda za su jera shuka. (Sukan saurara cikin ladabi, in na juya baya su yi yadda suka saba.)

A wannan yawon na gamu da motar. A ƙauyen Ushafa take, bayan gidan mai gari, a gindin wata ɗorawa. Wani Bature mai neman kuza ne ta mace masa a tsakiyar damina, ya ce zai je ya kawo makanike, shekara goma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Motar Amurka ce, doguwa mai faɗin ƙirji, da wasu fikafikai biyu a baya kamar za ta tashi sama. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, mata masu ginin tukwane suna shanya ɗanyun tukwanensu a kan rufinta, kaji kuma sun mai da kujerar baya wurin saka ƙwai. Ni dai ina ganinta na ji zuciyata ta tafi. Da na yi wa mai gari magana, dariya ya yi, ya ce in har zan iya motsa ta in ɗauka, amma in fara ba matan haƙuri.

Wanda ya karɓi aikin shi ne Baba Gimba, mutumin Ushafa, tsohon soja da ya yi shekaru yana gyaran motocin soja a yaƙin Bama. Da ya dawo gida sai ya koma noma da ƙira, yana kuma gyara wa mutane injin niƙa. Mutum ne marar yawan magana, Hausarsa irin ta wanda ya koya a bariki, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya zagaya motar sau biyu, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce za ta tashi amma sai an yi haƙuri. Samarin gari suka tura ta zuwa ƙofar maƙerarsa.

Nan muka raba aiki, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: duk abin da ke baƙanta hannu na Baba Gimba ne, duk abin da ke ƙyalli nawa ne. Duk Asabar nakan zo in goge ƙarafan gaba da toka da lemon tsami, in kankare tsatsa, in shafa fenti shuɗi. Matata Hajara ta ɗinka wa kujeru riga da wani yadi ja. Idan Baba Gimba ya ɗaga murfin inji, sai in tuna ina da aiki a wajen fikafikan baya, don warin baƙin mai yana hawa mini kai. (Haka nake cewa. Gaskiyar ita ce ban san komai a ciki ba, kuma ba na son ya gane.)

Abin da na sani a takarda na san shi. A aljihun gaban motar na tsinci wani ɗan littafi na Turanci da gara ta ci gefensa, na haddace shi kamar za a yi mini jarrabawa. A ciki na ga cewa injin silinda takwas gare shi, huɗu a dama, huɗu a hagu. Daga ranar babu wanda zai zauna da ni minti biyar bai ji zancen silinda takwas ba, har da Fulanin da ke kawo mana nono.

Sau biyu Baba Gimba ya nemi ya tsayar da ni. Na farko ya ce, “Malam, injin nan, ita akwai magana.” Na ce masa, Baba, kai dai ta tashi, sauran duk na karanta. Na biyu kuwa har ya kama hannun rigata zai kai ni bayan maƙera ya nuna mini wani abu, na ce ina sauri, hadari ya haɗo. Bai sake tayar da zancen ba.

Bayan wata tara motar ta tashi. Ya koya mini tuƙi a filin makaranta, na kai ta Bwari mutane na bin mu da kallo. Na lura dai in ta zo hawan tudu takan yi nishi, har masu keke su wuce mu, amma na gaya wa Hajara cewa manyan motoci haka suke, ba a san su da rawar kai ba.

A gidan waya na Abuja na ji labarin wata ƙungiya ta masu son tsofaffin motoci. Ba su da yawa, wasu daga Minna, wasu daga Kaduna da Jos, sukan haɗu sau ɗaya a shekara bayan ruwa ya ɗauke, su jera motocinsu, su sha hira. Sharuɗɗan shiga biyu ne: ka farfaɗo da motarka da kanka, ka kuma yi bayanin injinta a gaban 'yan ƙungiya. Shugabansu wani Alhaji Bawa ne, wanda ya yi ritaya daga gyaran kawunan jirgin ƙasa. Na zauna na rubuta masa wasiƙa shafi uku. Na ce da hannuwana biyu na ta da motar daga kabari, na ambaci silinda takwas har sau huɗu, na kuma gayyace su su yi taron bana a Bwari. Hajara ta ji ina karantawa da ƙarfi, ta tambaye ni ko Baba Gimba ya san an binne sunansa. Na ce mata wannan maganar maza ce.

Suka amsa gayyata.

Ranar taron motoci bakwai suka shigo gari a jere suna hon. Ba a taɓa ganin irin haka a Bwari ba. Kasuwa ta watse, kowa ya nufo filin makaranta: manoman da nake wa wa'azin taki, matan Ushafa da tukwanensu a kafaɗa, limaminmu, fasto, har shugabana na ofis da ya zo daga Abuja. Hajara ta dafa doya da miyar gyaɗa ta baƙi. Ni kuwa na ajiye motata a tsakiyar fili, tana walƙiya, fikafikanta sun fi na kowa tsawo.

Baba Gimba ya zo da tsohuwar rigarsa ta soja, a wanke, a goge, ya tsaya can gefe. Da Alhaji Bawa ya tambaye ni ko wane ne, sai na ji bakina ya ce, “Wani dattijo ne da ke taya ni riƙe sifana.” Baba Gimba ya ji. Ya dai gyara tsayuwa.

Alhaji Bawa gajere ne, mai furfura, mai sanyin murya. Ya zagaya motar, ya yaba fenti, ya yaba ɗinkin kujeru. Ni kuma na shiga zuba abin da na haddace, ina nuni da hannu kamar mai huɗuba, har na kai ga cewa injin silinda takwas in ya yi gurnani sai an ji a ƙirji. Ya ce in tayar da ita. Na tayar. Ya karkata kai yana saurare, ya dubi wani abokinsa Bayarabe da suke kira Oga Lamidi, shi ma ya dube shi. Sannan ya ce, to Malam, a buɗe mana mu gaisa da su.

A nan na gane ban san yadda ake buɗe murfin ba.

Na laluba gaba, na laluba gefe. Na durƙusa na leƙa ta tsakanin ƙarafan da na shekara ina gogewa. Na ja wani abu, ashe lambar mota ce, ta taho a hannuna. Na ce wa jama'a wani lokaci yakan cije saboda zafi. Sai Baba Gimba ya tako a hankali, ya zura yatsu biyu ƙarƙashin hancin motar, murfi ya ɗaga.

Kowa ya matso, har da ni, don ni ma ranar na fara gani.

Wuri ne mai faɗi, wanda mutum biyu za su zauna a ciki su ci tuwo. A tsakiyarsa ga wani ɗan inji a tsugune, tsaf da shi, kamar kyanwa a cikin rumbu. Alhaji Bawa ya sa yatsa yana taɓa wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa a fili. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya tsaya. Ya sake farowa daga ɗaya gefen, ko ya yi kuskure. Huɗu dai.

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni kuwa na gyara hula na ce, “Ranka ya daɗe, sauran huɗun suna ƙasa.”

Bai yi dariya ba, wannan ne ya fi kashe ni. Ya ce a ba shi tabarma. Aka karɓo ta liman. Dattijon nan ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙa wa Oga Lamidi, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar har sai ƙafafunsa kawai ake gani. Ya daɗe a ciki, ko kuwa ni ne na ga daɗewar. Can muka ji muryarsa daga ƙasa.

“Malam, ina jin sun zube a hanyar Ushafa.”

Oga Lamidi ne ya fara, ya rungume rigar Alhaji yana dariya har da hawaye. Daga nan fili ya ɗauka. Waɗanda ba su san mene ne silinda ba ma dariya suke, don an fassara musu da yarensu na Gbagyi. Na hango shugabana na ofis ya juya baya kafaɗunsa na rawa, na hango Hajara ta rufe fuska da gyale.

Da Alhaji Bawa ya fito yana karkaɗe jiki, ba ni ya duba ba. Ya tambaya, wa ya ƙera ƙarafan da suka riƙe injin nan? Wa ya haɗa bakin injin akori-kurar Ingila da giyar motar Amurka, har suka zauna kamar tare aka haife su? Ya ce shekara talatin yana aikin ƙarfe, bai taɓa ganin irin wannan haɗi ba.

Baba Gimba ya dube ni. Jira yake in ba shi izini, bayan abin da na kira shi a gaban mutane. Wannan kallon ya fi dariyar duka ciwo. Na cire hula, na ce wa jama'a ƙarya na yi a wasiƙa, ƙarya na yi yanzu, ni fenti kawai na shafa, ga mai aikin nan. Na juya na ce, Baba, ka yafe mini.

Ya ce, “Ba komai, Malam. Fentin ma ta yi kyau.”

Sannan ya yi musu bayani a nutse. Injin asali ruwa ya shige shi shekara da shekaru, ya daskare, ya tsage, yana nan bayan maƙera an kifa masa tukunya. Wannan kuwa na wata akori-kura ce da ta faɗi a hanyar Keffi, shi ya kwance shi, ya wanke, ya ƙera masa mazauni a wutar maƙerarsa. Mutanen nan bakwai suka kewaye shi fiye da awa guda, kawunansu a cikin motar, suna tambaya yana amsawa. Ni aka ba ni riƙon murfi don kada iska ta rufe shi a kansu.

Kafin la'asar suka shigar da Baba Gimba ƙungiya, baki ɗaya. Ni kuma Alhaji Bawa ya ce in dawo baɗi, in na iya canza filogi ba tare da na ɓata lambar mota ba. Doyar Hajara dai an cinye ta tas, har ana neman ƙari.

Sunan ya bi ni. Shekara da shekaru in na shiga ƙauye a kan aiki, tun daga nesa zan ji ana cewa ga Malam Huɗu-na-ƙasa nan tafe. Manomi in ya kawo buhu shida aka ce ina sauran, sai ya ce suna ƙasa, a fashe da dariya. Asabar ɗin da ta biyo bayan taron na koma maƙerar Baba Gimba da tsohuwar riga, na ce ya fara koya mini daga inda ake zura yatsu biyun nan. Sai da na yi shekara uku kafin ƙungiyar ta karɓe ni, shi ne kuma ya tsaya mini.

Tun daga lokacin, in dattijo ya kama hannun rigata ya ce akwai magana, ko ruwa ake da ƙanƙara nakan tsaya in ji. Kuma ban sake yabon abin da ke cikin kowace irin rufaffiyar aba ba, mota ce ko tukunyar Hajara, sai na tabbata na san inda ake buɗe ta.