Yadda Za Ka Cire Fiffiken Motarka Don 'Yarka Ta Daina Sauka A Kwana

Ɗan'uwa, idan kai ne mai tsohuwar motar nan da ka liƙa wa fiffiken roba a saman ƙofar but tun kana tuzuru, matso kusa. Na san abin da ke cin ranka. 'Yarka ta shiga sakandare, kuma kullum kafin ku isa makaranta sai ta ce, "Baba, sauke ni a kwanar nan, zan ƙarasa da ƙafa." Kai kuwa ba ka da burin da ya wuce ka tsaya a bakin get kamar sauran iyaye. Bi matakan nan. Na yi maka alkawari, kafin rana ta faɗi fiffiken nan yana ƙasa.

1. Ɗora wa fiffiken laifi

Kada ka tambayi yarinyar dalili. Tambaya ta waɗanda ba su san 'ya'yansu ba ce. Tsaya bayan motar, riƙe ƙugu, ka dube ta da kyau: mota ce da sai an lallashe ta take hawa tudu, amma ga ta da fiffike kamar yanzu za ta tashi sama. Girgiza kai ka ce, "Ashe kai ne ka shiga tsakanina da 'yata."

2. Sanar da matarka

Faɗa mata da muryar wanda zai yi babbar sadaukarwa. Za ta ɗago daga guga ta ce, "Maigida, tun kafin a haifi yarinyar nan nake roƙonka ka cire abin nan." Kada ka tanka. Tarihi ba ya cikin aikinmu na yau.

3. Haɗa kayan aiki

Sifana, sukundireba, filaya. Ba ka da ko ɗaya. Tafi wajen maƙwabcinka mai gyaran rediyo. Zai ba ka aro, sannan ya biyo ka da kujerarsa, domin shi sifanarsa ba ta fita ba tare da shawararsa ba.

4. Kwance notina

Ɗaga ƙofar but, ɓalle kwalin da ya rufe cikinta. Notin farko zai kwance da sauƙi. Kada ya yaudare ka, ɗan leƙen asiri ne. Na ƙarshe ya ci tsatsa har ya zama ɗan gida. Shiga kicin a ɓoye ka ɗebo man girki ka ɗiga masa. Idan ya ƙi, buga shi. Idan ka bugi yatsanka, yi shiru, maƙwabci na kallo.

5. Gam da waya

Noti ya fita amma fiffike na nan daram. A nan za ka tuna wanda ya ce wa mai ɗaurawa, "Zuba gam yadda ko guguwa ba za ta ɗaga shi ba." Kai ne.

Maƙwabci zai ce, "Malam, zare mai ƙarfi ake sa wa a ƙarƙashi, a ja a hankali."

Ka ce masa ka sani. Sannan ka kama fiffiken da hannu biyu ka fizge. Wata siririyar waya za ta biyo shi ta tsinke. Ta fitilar birki ce. Kada ka damu, masu bin ka a baya za su koyi lura.

6. Dubi abin da ke ƙarƙashi

Za ka tarar da ramukan noti, da kuma wani dogon layin fenti ja wur, yana sheƙi. Ashe motarka ja ce. Kai da ka daɗe kana ce wa mutane ruwan ƙasa ce.

Matarka za ta zo ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Da wannan launin ka fara zuwa gidanmu." Zuciyarka za ta karye, gaskiya, don ba motar kaɗai rana ta ci ba. Yi tari, ka toshe ramukan da salatif.

7. Kai 'yarka makaranta

Da safe, kada ka ce komai, bar aiki ya yi magana. Kuna isowa kwana za ta ɗauki jakarta.

"Baba, sauke ni a nan."

"Ba ki duba bayan motar ba ne? Na cire shi."

"Fiffiken? Kash, ai ƙawayena suna son shi." Za ta sunkuyar da kai tana wasa da zif. "Baba, kada ka ji haushi. Kai ne. In ka sauke ni a get sai ka leƙo ta taga ka ɗaga murya, 'Jaririyar Baba, ki cinye abincinki duka!' Yanzu har malamin lissafi haka yake kirana."

Taka birki. Ba fitilar da za ta kama, amma taka. Bar ta ta fita. Rufe bakinka gam, ka riƙe sitiyari, ka kalli gaba kamar direban haya. Wannan shi ne mataki mafi wuya, kuma ba shi da sifana.

Za ta ɗan yi gaba, ta tsaya, ta duba hagu da dama. Ba kowa a kwanar. Sai ta dawo ta leƙo ta taga.

"To Baba, a nan ai kana iya faɗa."

Faɗa. A hankali.

Gargaɗi: ni fiffike na yi alkawarin cirewa, kuma ya fita. Ruwan da zai cika but ɗinka, da wanda zai daki bayanka a danja, da ƙwallar da ka ce ƙwaro ne ya faɗa maka a ido, duk babu ruwana. Sifanar kuma ta maƙwabci ce, ka mayar masa.